Kafin ka ɗaga jikin motarka, ɗana

Ƴaƴana samarin Tawa da na garuruwan Adar, na ga wata sha'awa ta shigo muku a ƴan shekarun nan, ta ɗaga jikin mota kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, sama da shasinta, kuma na ji wasunku suna cewa aikin bai kai a je garaji ba, ana iya yin sa a ƙofar gida da jak ɗaya da abokai biyu. Ba zan ce muku sha'awar banza ce ba, domin na san inda ta samo asali. Abin da nake roƙo shi ne ku ba ni aron kunnuwanku, ku ji abin da aikin yake ƙara wa mota da abin da yake rage mata, sannan kowa ya yanke wa kansa shawara da idonsa biyu.

Ƙasarmu ba ta raga wa mota. Kwaltar da ta tashi daga nan ta bi ta Tabalak da Abalak har Agadas da Arlit, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar yuraniyom, kuma duk wanda ya sauka daga kanta ya san abin da ke jiransa. Ta wajen Keita da Tamaske da Garhanga dutse ne da hawa da gangara, ga ƙoramu masu cinye hanya duk damina. Ta wajen Barmu da Kawo har Cintabaraden, dutsen yana ƙarewa rairayi ya karɓa. In ka nufi Takanamat ko Tebaram, sawun manyan motoci ne za ka bi, mai zurfi dama da hagu, da tudu a tsakiya yana jiran cikin motarka. Yaron da ya yi shekaru yana bida a Abijan ko Libiya, ya tara guminsa ya sayi Hilux ko tsohuwar Land Cruiser don jigilar ƴan kasuwa, in ya ji ƙarƙashinta yana gurzar dutse dole hankalinsa ya tashi. Sai ya ga hoton wata mota a waya, doguwa, mai kwarjini, ya ce ga maganin abin. To, a nan nake so mu tsaya.

Mota irin waɗannan kashi biyu ce. Akwai shasi, wato ƙarfen nan mai siffar tsani da ke ƙasa, wanda inji da giya da resor da tayoyi duk a jikinsa suke. Akwai kuma gangar jiki, inda mutane ke zama, wadda aka aza bisa shasin aka ɗaure da bulon, a wasu motoci wuri takwas, a wasu goma, a wasu fiye, kowane wuri da robarsa mai shanye girgiza. Abin da ake kira ɗaga jiki shi ne a kwance waɗannan bulon, a cusa wani dunƙule mai kauri tsakanin jiki da shasi, a mayar da bulon masu tsawo. Yawanci kaurin dunƙulen daga santimita biyu da rabi ne zuwa bakwai da rabi, wato inci ɗaya zuwa uku. Shi ke nan aikin. Shasi bai motsa ba, inji bai motsa ba, tayoyi suna inda suke.

Ka lura da wannan da kyau, ɗana, domin a nan ne mafi yawan masu yin aikin suke ruɗuwa. Abin da ke bugun dutse a hanyar Keita ba kujerarka ba ce. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motarka, za ka ga wani ƙullutun ƙarfe a tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira pon. Shi ne mafi kusa da ƙasa, shi ne ke karta tudun tsakiyar hanya, shi ne ke zama bisa rairayi motar ta kafe. Ko ka ɗaga jiki kamu guda, pon yana nan a tsawonsa na jiya. Kamar mai raƙumi ne ya ƙara tsumma ƙarƙashin sirdi: shi ya ƙara tsawo, amma cikin raƙuminsa bai ƙara nisa da ƙasa ba.

Abu ɗaya ne ke ɗaga pon, shi ne girman taya. Amfanin ɗaga jiki na gaskiya, in ana maganar amfani, shi ne yana buɗe wuri a sa taya mafi girma ba tare da ta goga jiki ba. Amma ko nan ma a yi lissafi. In sabuwar tayarka ta fi tsohuwar da santimita biyar daga sama zuwa ƙasa, abin da pon ya samu rabin haka ne, santimita biyu da rabi, domin daga tsakiyar taya ake aunawa. Faɗin yatsa biyu ke nan ba su cika ba. A kan wannan faɗin yatsa biyu za ka sayi taya biyar, motarka ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfin hawa, birki ya ƙara wahala kafin ya tsai da ita, agogon gudu kuma ya riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. Taya 7.50R16 da Land Cruiser ta saba zuwa da ita doguwa ce tun asali, siririya, kuma ana samun ta a kusan kowace tasha daga nan har Agadas. Wadda ka sa ta ban mamaki, ranar da ta fashe a bayan Abalak, wa zai ara maka irinta?

Ba kowace doguwar mota ce ma ake yi wa wannan aiki ba. Land Cruiser 70 da ta fito tun 1984, da 80, da 100, da Prado, da Hilux, da Nissan Patrol, duk suna da shasi daban da jiki. Amma RAV4 da Highlander da Honda CR-V, jikinsu da shasinsu a haɗe aka ƙera su, ƙarfe ɗaya ne, babu abin da za a raba. Haka Pajero ɗin da aka fara yi daga wajen shekara ta 2000. Duk wanda ya ce zai ɗaga maka jikin ɗaya daga cikin waɗannan, ko dai bai san mota ba, ko wani aiki daban yake nufi.

Sai mu zo ga abin da ya sa nake jin tsoron a yi aikin nan a ƙofar gida. Jiki da shasi ba bulon kaɗai ya haɗa su ba. Akwai abubuwa da yawa da kansu ɗaya ke maƙale a jiki, ɗaya kan kuma a shasi, kuma masu ƙera motar sun auna tsawonsu daidai da tazarar da suka bari. In ka buɗa tazarar, kowannensu ya miƙe. Sitiyarin da kake riƙewa a jiki yake, amma akwatin da ke juya tayoyi a shasi yake, sanda ce ta haɗa su. In ka ɗaga jiki, sandar tana zamewa daga mazauninta, abin da ya rage a ciki ya zama kaɗan. Ranar farko ba za ka ji komai ba. Sai an yi wata ana bin gargada, ranar da Allah Ya ƙaddara, ka juya sitiyari ka ji shi sakayau a hannunka. Wasu in sun ga sandar ta gaza sai su yanke ta, su ƙara guntun ƙarfe, su kai wa mai walda. Ina roƙon ku da girman Allah kada ku yi wannan. Mai walda gwani ne a ƙofa da taga da amalanke, amma sandar sitiyari ba a yi mata ƙari da wuta.

Haka birki. Tukunyar man birki tana jikin mota, siraran bututan ƙarfe ne ke sauka daga gare ta zuwa shasi. In an ja su da ƙarfi ba sa tsinkewa nan take, tsagewa suke yi a hankali, man ya riƙa ɗiga ba ka sani ba, har ranar da za ka taka a gangaren dutse ƙafarka ta tafi ƙasa. Lagireto a yawancin motocin nan yana bin jiki ya tashi, fanka kuwa tana jikin inji ta tsaya, sai ta fara sarar murfinta, ko iskarta ta daina bin inda ya kamata. Kun san abin da zafin watan Afrilu da Mayu yake yi wa inji a ƙasar nan ko da komai nasa lafiya lau. Ga tiyon zuba mai, ga wayar birkin hannu, ga bututun kuloci, ga wayoyin wuta. Sandar giya da ta kat-kat za su nitse cikin ramin da suke fitowa, wani lokaci giya ta biyu ko ta baya ta ƙi zama, ta riƙa fita da kanta. Bamba kuma ta tsaya ƙasa tare da shasi, a bar wani wawakeken gibi. Kayan da kamfanonin kirki ke sayarwa suna zuwa da abin gyaran kowane ɗaya daga cikin waɗannan, an ƙera shi don irin motarka. Wanda ya je aka yanko masa dunƙule takwas a kasuwa ya sayi kashi ɗaya ne cikin goma na aikin.

Duk wannan ana iya gyara shi in an samu hannun da ya iya. Akwai abin da ba ya gyaruwa, shi ne wanda ya fi damuna.

Kowace mota tana da wani wuri da nauyinta duka ya taru, mu kira shi cibiyar nauyi. In cibiyar tana ƙasa, mota tana zama daram a kwana. In ta yi sama, mota tana neman kifewa. Masana suna da wani lissafi mai sauƙi da ko ɗan makarantar boko na aji shida zai iya: a auna faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba shi da ninkin tsawon cibiyar daga ƙasa. In amsar ta yi girma, motar tana da wuyar kifewa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fara auna motoci da wannan lissafi a 2001. Ƙananan motoci sukan faɗa tsakanin 1.30 da 1.50, dogaye irin namu kuwa tsakanin 1.00 da 1.30. Ka ga tun daga masana'anta motarka ba ta da rara mai yawa.

Bari mu buga misali da ƙididdiga mai sauƙi. A ce motarka kilo 2,200 ce, faɗin tayoyinta santimita 150, cibiyarta tana santimita 70 daga ƙasa. Lissafinta ya kama 1.07. Ranar kasuwa ka ɗora buhun hatsi uku a bisa rufi, kilo 300, a tsawon da ya ɗan wuce mita biyu. Cibiyar ta tashi zuwa wajen santimita 87, lissafin ya faɗo 0.86. In kuma ka riga ka ɗaga jiki ka sa manyan tayoyi, har cibiyar ta ƙara santimita biyar, ka sauko wajen 0.82. Gaskiya ita ce kayan bisa sun fi ɗaga jiki illa, ban ɓoye muku ba. Amma wane ne a cikinmu zai daina ɗora kaya a bisa? Motar da ke zuwa Cintabaraden ko Tiliya ba ta tafiya fanko. Akwai buhuna, akwai jarkoki, akwai tunkiya, akwai mutane zaune bisa kayan ƙafafunsu na reto. Ganga ɗaya ta ruwa kilo 200 ce, kuma in ba ta cika ba ruwan yana kai-kawo, yana tura motar gefen da take son faɗi. Mu da muka riga muka cinye rarar da aka ba mu, ba mu ne ya kamata mu ƙara cin bashi a kanta ba.

A ƙasar Suwidin akwai wata mujallar motoci mai suna Teknikens Värld da ta shahara da wani gwaji: direba yana tafiya, sai ya kauce da sauri kamar dabba ta faɗo masa hanya, ya sake komawa hannunsa. A 1997 wata ƙaramar Mercedes sabuwa fil ta kife a gwajin, har kamfanin ya tsai da sayar da ita ya gyara. A 2007, da kuma 2016, Hilux ta ɗaga tayoyi biyu sama a wannan gwaji, a gudun da bai wuce wajen kilomita 60 a awa ba, saura ƙiris ta kife. Ban kawo wannan don in kushe Hilux ba, mota ce da ta yi wa ƙasar nan hidimar da ba ta misaltuwa. Na kawo shi ne don ku ga cewa sabuwa, a kan lafiyayyar kwalta, a hannun ƙwararren direba, iyakarta kusa take. Su gwaji suke yi. Mu kuwa kullum ne: raƙumi ya tsallako bayan magariba, jaki ya tsaya tsakiyar hanya ya ƙi motsi, yaro ya biyo akuya da gudu, ko rami ya bayyana a kwalta inda jiya babu. Ba ka da lokacin tunani, hannunka ne zai kauce, sannan motar ta ba ka amsa gwargwadon yadda ka gina ta.

Dattawanku za su tuna 1989 da 1990, lokacin da ƴan tseren Paris-Dakar suka yada zango a nan Tawa, sun fito daga Agadas za su Yamai. A shekarun biyu Ari Vatanen ne ya ci tseren da Peugeot 405. Wanda ya ga motocin nan da idonsa ya san ba tsawo kaɗai ne da su ba. Faɗi ne da su, an ajiye duk abu mai nauyi can ƙasa, an gina kejin ƙarfe a ciki, mutum biyu ne kacal, kowa da hular kwano da ɗamara, ga makanikai suna jiransu kowane dare. Hoton da kake gani a waya ma haka ne, mai motar yakan fita da ita wasa ne ranar hutu ya dawo. Taka motar ita ce gonarka, ita ce shagonka, kuma iyayen mutane ne a bayanta.

To me ke fid da mota daga rairayi? Iska. Tun a shekarun 1920 da 1930 wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya riƙa ratsa manyan tuddan rairayin da ke tsakanin Masar da Libiya da motocin Ford masu ja da taya biyu kawai. Dabararsa ita ce rage iskar taya, da shimfiɗa farantan ƙarfe in mota ta kafe. Tsofaffin direbobinmu na Azawak sun san wannan ba tare da sun ji sunansa ba. In ka iso rairayi mai laushi, ka sauka ka rage iska, daga kilo biyu da rabi ko uku zuwa wajen ɗaya da rabi, gwargwadon nauyin da ka ɗauko. Tayar za ta baje, ta taka wuri mai tsawo, motar ta hau bisa rairayin maimakon ta tona shi. Ka tafi a hankali, kada ka karya kwana da ƙarfi, kuma da ka fito kan dutse ko kwalta ka mayar da iskarka, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace. Famfo mai kyau, da ma'aunin iska, da shebur, da faranti biyu, duka kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba. Ga kuma sanin lokaci: rairayin asuba mai sanyi ya fi na azahar ɗaukar mota.

Sau da yawa kuma motar da mai ita ke kukan ta yi ƙasa, ba gajeriya ba ce, gajiya ta yi. Motocin da ke iso mana sun yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe kafin su zo, mu kuma mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Resor ya kwanta, lam ɗinsa sun miƙe, wani ma ya karye a tsakiya ba a lura ba, shokozoba ya zubar da mansa tuntuni. In ka sa mata resor mai rai da shokozoba na kirki, sai ka ga ta koma tsawonta na asali, shasi ya tashi daga duwatsu, kuma ta fi zama a hanya. Wannan shi ne wurin da ya fi cancanta kuɗinka ya fara zuwa. Masu ƙara lam a baya saboda kaya, su ma ga tunatarwa: tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani ɗan bawul kusa da pon na baya, mai auna nauyin kaya ta yadda bayan motar ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi ko ya rage. In ka ɗaga baya ba ka daidaita shi ba, zai ɗauka motar fanko ce alhali tana cike, ya hana birkin baya ƙarfinsa.

Maganar ƙorama gajeriya ce. Tsawon mota yana sa wa direba ƙarfin halin da bai kamata ba. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da babbar mota, kuma ƙoramun Adar in sun taso daga duwatsu suna zuwa da ƙarfi, suna kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin taya. Galibi awa kaɗan ne su janye. Ka kashe mota, ka yi salla, ka sha shayi, ka jira.

In duk ka ji wannan, ka auna, ka ga lalle kana bukatar ɗaga jikin, to ban hana ka ba, amma ka yi shi yadda ya dace. Kada ka wuce santimita biyar, in ma biyu da rabi za su ishe ka ka tsaya nan, domin duk abin da ka ƙara, wahalar da ke kan bulon tana ƙaruwa, kuma gargadar hanyoyinmu tana tsaga jikin mota daidai wurin da aka ɗaure shi. Dunƙulen ya zama na alminiyom cikakke ko na roba mai tauri da aka yi don wannan aiki, faɗinsa kada ya gaza na mazaunin. Ban da katako, ban da guntun famfon ruwa, ban da yankakkiyar tsohuwar taya, ban da tara wasa-wasan ƙarfe bisa juna. Robar asali ta zauna a wurinta, in ta mutu a sake ta. Ka duba kan kowane bulon, za ka ga lamba: 8.8 ko 10.9 ake nema. Wanda ba shi da lamba, ko dogon ƙarfen nan mai zare da ake sayarwa a shagon kayan gini, ba na mota ba ne. Ko daga Ƙonni aka kawo maka, ko Sakkwato, ko Kano, ko Yamai, ka saya a hannun wanda in abu ya ɓaci za ka iya komawa ka same shi.

Wurin aiki ya zama daɓen siminti mai shimfiɗa. Jak a kan rairayin ƙofar gida nitsewa yake yi, bulon siminti kuma yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba, don haka a tanadi ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri. A cire kan batir, a tare tayoyi gaba da baya, a ɗaure sitiyari kada ya juya. Kafin a taɓa jak, a bi duk abin da na lissafa a sassauta shi. A sassauta bulon duka, amma a cire na gefe ɗaya kawai, a ɗaga wannan gefen a hankali da katako tsakanin jak da jiki, mutum ɗaya yana ɗagawa, ɗaya yana leƙen abin da ke miƙewa. In an ji wani abu ya riƙe, a tsaya a nemo shi, kada a ƙara ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa. Hannu kuma kada ya shiga tsakanin jiki da shasi ko sau ɗaya, a tura dunƙule da filaya ko sanda. Ƙannenku da ke son kallo, a kore su nesa. In an gama gefe ɗaya a koma ɗayan, sai duka sun zauna daidai sannan a ɗaure, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri in ana iya samu. Kuma duk wannan a yi shi gaban babban makanike wanda ya taɓa raba jiki da shasi. Kuɗin da za ka ba shi na yini ɗaya ne.

Bayan an gama, kada ka ɗauki kowa. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe motar tana tsaye, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Ka taka birki da ƙarfi ka riƙe, ka ji ko ƙafarka tana nitsewa. Ka shiga kowace giya, har ta baya da ta kat-kat. Ka saita fitilu, domin sun tashi sama za su riƙa makantar da mai tahowa. Sannan ka je Tabalak ka dawo kai kaɗai, ka sake bin bulon ɗaya bayan ɗaya, ka kuma maimaita bayan tafiyarka ta farko ta daji. Ka tambayi masu duba lafiyar mota da masu inshorarka tun kafin ka fara, kada sai abu ya faru a ce maka motar da aka rubuta a takarda ba ita ce wannan ba. Ka sani kuma gabanka ya ƙara ɓoyuwa: yaron da da kake hango kansa a lungun unguwa, yanzu hancin motar ya rufe shi.

A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankunan Tiliya da Tasara, kuma kun fi ni sanin cewa lalacewar mota a wasu hanyoyin arewa ba ƙaramin abu ba ne yanzu. Motar da take yadda kamfani ya yi ta, kowane makanike daga nan har Abalak ya san ta, kowane mai kayan gyara yana da abinta. Wannan ma wani tsaro ne da bai kamata a yar da shi da arha ba.

Ɗana, tsohuwar da ke kama ƙofa tana neman inda za ta sa ƙafa ta hau motarka ba ta san pon ba, ba ta san cibiyar nauyi ba. Ta ba ka kuɗinta, ta yi bisimilla, ta miƙa maka ranta amana. Kafin ka kwance bulon ko ɗaya, ka ɗauki ma'auni ka auna daga ƙasa zuwa pon, ka kai motar wurin babban makanike ya duba maka resor da shokozoba da birki, ka sayi famfo da shebur, ka rage abin da kake ɗorawa a bisa. Ka yi damina ɗaya da rani ɗaya a haka, in har yanzu kana ganin tana bukatar tsawo, sai ka je ku yi maganar da shi a natse. Allah Ya tsare muku hanya, Ya sa albarka a cikin nemanku.